Tun Ran Gini Ran Zane: Kafin Ka Ce "Zan Ƙara Mata RAM Daga Baya"

Akwai wata magana da nake ji duk farkon zangon karatu, a hostal, a gindin darbejiyar da ke gaban sashenmu, har a layin rajista: "Mai giga 4 ce yanzu, amma mai shagon ya ce in na samu kuɗi zan iya ƙara mata." Mai maganar yakan faɗe ta da murmushi, yana shafa murfin laftof ɗinsa kamar sabon ango. Ni kuwa duk sanda na ji ta sai gabana ya faɗi, don ni ma na taɓa faɗar ta, kuma na san inda ta kai ni.

Ra'ayina guda ɗaya ne, bari in ajiye shi tun yanzu. Iyakar RAM ɗin da kwamfutarka za ta ɗauka an riga an yanke ta tun a masana'anta, kai kuma ka sa hannu a kai ranar da ka miƙa kuɗi. Ranar da ka tara na ƙari, babu abin da za ka iya canzawa. Don haka tambayar "har nawa take ɗauka?" tambayar ranar ciniki ce. Wanda ya bar ta sai ND II, lokacin da furojet ya taso shi gaba, ihu ya yi bayan hari.

Abin da ya same ni

Da sunana ya fito, Baba ya sayar da buhunan masara, Umma ta haɗa da kwasar adashinta, aka ce in je in sayo kwamfuta tunda karatun nawa na kwamfuta ne. Na shiga kasuwa ni kaɗai ina jin kaina. A wani shago na ga wata siririya, ba nauyi, sabuwa dal a kwalinta. Kusa da ita ga wata tokumbo mai kauri, murfinta duk ya kakkarce, kuɗinsu kusan ɗaya. Wa zai bar sabuwa ya ɗauki tsohuwa? Na ce wa mai shagon, "Oga, giga 4 ɗin nan ba zai yi min kaɗan ba?" Ya ce, "Haba ɗalibi, ai wannan ba matsala ba ce. Duk ranar da ka shirya ka zo a ƙara maka." Na ƙirga kuɗi na ba shi.

Shekarar farko lafiya lau. Word ne, sai karanta handawut, sai ɗan HTML, sai kallon fim da daddare. Da muka fita SIWES aka ɗora mu a kan Android Studio, manhajar da masu ita da kansu suka ce a ba ta aƙalla giga 8. Nan kwamfuta ta fara nuna halinta. In na danna abu, sai in je in yi alwala in dawo bai gama buɗewa ba. Na yi wata uku ina tara ɗan abin da nake samu, na sayi sandar RAM mai giga 8 a wani shagon daban, ko kwamfutar ban tafi da ita ba. Na dawo ɗaki, na aro sukudireba, na kwance murfin ƙasa. Na duba sama, na duba ƙasa. Babu gurbin da zan sa ta. RAM ɗin ashe wasu 'yan baƙaƙen ƙwayoyi ne liƙe da dalma a jikin madabod. Na zauna, sanda a hannun dama, sukudireba a na hagu, abokin ɗakina yana leƙowa yana cewa, "Ya dai, injiniya?"

Da na koma shagon farko, mutumin ya ce wallahi shi ma bai taɓa buɗe irin ta ba. Kuma na yarda da shi. Ƙarshenta na sayar da ita da faɗuwa, na yi ciko, na sayi tokumbo mai kauri irin wadda na raina. Abin da ya fi yi min nauyi shi ne faɗa wa Baba. Bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Ba karatun abin kake yi ba?"

Tun daga nan na zama mai buɗe kwamfutocin mutane a hostal, kuma abin da na gani ya tabbatar min ba ni kaɗai ba ne.

Ina iyakar take?

Ga waɗanda ba fanninsu ba ne, ku ɗauki shagon tela. Yadika suna jibge a kabad, amma wanda ake yankawa yanzu dole ya hau tebur. Kabad ɗin shi ne ma'ajiyar kwamfuta, HDD ko SSD, inda fayilolinka ke kwana ko an kashe ta. Teburin shi ne RAM. In teburin ƙarami ne, tela zai yini yana ɗauke wannan yadi yana mayarwa kabad don ya samu wurin shimfiɗa wancan, ɗinki kuwa ba ya gaba. Windows 11 shi kaɗai giga 4 ne mafi ƙarancin abin da yake nema. AutoCAD na 'yan shekarun nan, wanda 'yan Akitekca da Sibil ba su da makawa sai shi, yana neman aƙalla giga 8. Ka ga ke nan mai giga 4 tun kafin ya fara aiki teburinsa ya cika.

To me zai hana a faɗaɗa teburin? Abubuwa ne da ke jikin na'urar, kuma kowanne shi kaɗai ya isa ya tare maka hanya.

Abu na farko shi ne gurbi. Sandar RAM tana zama ne a wani gurbi da ke jikin madabod, wato babban allon nan da furosesa da sauran kayan ciki ke kai. Wasu laftof gurbi 2 gare su, wasu 1, wasu babu sam. Mu ɗauki waɗanda suka cika ajujuwanmu. HP EliteBook 840 G1 gurbi 2 gare ta, tana kaiwa giga 16. ThinkPad X240 gurbi 1 tak gare ta, iyakarta giga 8, don haka in sanda mai giga 4 ce a ciki, cire ta za ka yi ka sa wata, ba haɗa su za ka yi ba. ThinkPad T440s rabi da rabi ce: giga 4 a liƙe, sai gurbi 1, jimilla ba ta wuce 12. Su kuwa ThinkPad X1 Carbon da EliteBook x360 1030 G2 da MacBook Air, waɗanda ake hura hanci da su a aji, RAM ɗinsu duk a liƙe yake. Yadda ka saye su, haka za ku rabu.

Abu na biyu shi ne nau'i. DDR3 ya fito a 2007, DDR4 a 2014, DDR5 kuma ya fara shiga kwamfutocin jama'a a ƙarshen 2021. Ba sa shiga gurbin juna. In ka duba gefen sanda za ka ga jerin haƙora masu ruwan gwal: na laftof 204 ne a DDR3, 260 a DDR4, 262 a DDR5. A tsakanin haƙoran akwai 'yar wushirya, kuma a kowane nau'i wurinta daban yake. Da gangan aka yi haka, don kada wani ya sa abin da bai dace ba. Amma na ga wanda wushiryar ba ta hana shi ba, ya danna da ƙarfin tuwo har ya karya maƙallin gurbin. Sannan sunan kwamfuta shi kaɗai ba ya faɗa maka nau'in da take ci. EliteBook 840 G1 da G2 na gidan DDR3 ne, G3 kuwa DDR4. In ka shiga shago ka ce "a ba ni RAM na 840," ba ka faɗi komai ba tukuna.

Tarkon da ya fi kama mutane yana cikin gidan DDR3 ɗin kansa. Akwai DDR3 zalla mai aiki da bolt 1.5, akwai DDR3L mai aiki da bolt 1.35. Haƙoransu ɗaya, wushiryarsu wuri ɗaya. Laftof masu furosesan Intel zuriya ta 4 da ta 5, abin da 'yan kasuwa ke kira "jen," mai L ɗin suke so. In ka sa musu zalla, sandar za ta shige lafiya lau har ka ji ƙas, ka kunna, galibi sikirin ya tsaya baƙi ƙirin. Wata 'yar ajinmu ta kawo min tata tana hawaye, wai ta ƙona kwamfutar yayanta. Ba abin da ya ƙone, harafi ɗaya ne ya ɓace. Mai L ɗin kuwa yana iya aiki a tsofaffin da ke ba da bolt 1.5, shi ya sa in kana shakka shi ya fi aminci.

Duk wannan a rubuce yake a jikin sitikar sanda, karantawa ce ba ma yi. PC3-12800S na nufin DDR3 mai gudun 1600. PC3L-12800S shi ne mai L. Duk wanda ya fara da PC4, DDR4 ne. Harafin S na laftof ne, U na kwamfutar tebur, wadda sandarta ta kusa ninka ta laftof tsawo. In ka ga R, ta manyan kwamfutocin kamfanoni ce da ake kira saba. Takan zo da giga mai yawa a farashi mai daɗi, amma ba za ta tashi a kwamfutar gida ba. Araha ba ta ado.

Abu na uku, ko gurbin yana nan kuma nau'in ya dace, akwai rufin da ba a wucewa. A kwamfutocin zamani, sashen da ke sarrafa RAM yana cikin furosesa ne, kuma kowane furosesa da iyakarsa. Core i5-4300U giga 16 ne iyakarsa, kuma a wannan zuriyar sanda ɗaya ba ta wuce giga 8. Core i5-6300U yana kaiwa 32. Celeron N4020, wanda ke cikin sababbin laftof masu sauƙin kuɗi da yawa, giga 8 ne ƙarshensa. Kamfanin da ya ƙera kwamfutar ma yana iya tsayar da iyaka ƙasa da ta furosesan.

A nan zan taɓo wata cuta da muke fama da ita, cutar sitikar "i7." Mutum zai ce maka tasa i7 ce kamar ya ce ya gama magana. Alhali i7-4600U ƙwayoyin aiki 2 gare shi, iyakarsa giga 16, shi kuwa i5-8250U da ake rainawa ƙwayoyin aiki 4 gare shi, yana ɗaukar giga 32. Lambar da ke bayan 'yar sandar nan ita ce labarin: 4 a 4600U zuriya ta 4 ke nan, 8 a 8250U zuriya ta 8.

Akwai kuma iyakar da ba ta jikin ƙarfe. In Windows ɗinka mai bit 32 ne, ko giga 16 ka zuba, ba zai yi amfani da abin da ya kai 4 ba. Wannan kam da sauƙi, a sake ɗora mai bit 64. Amma na ga wanda ya koma shago yana rigima wai an sayar masa da jabu, ashe Windows ɗinsa ne.

Game da haɗa sanduna daban-daban, abin bai kai yadda ake tsorata mutane ba. Mai giga 4 da mai giga 8 suna zama tare su ba da 12, muddin nau'insu ɗaya. In gudunsu ya bambanta, duka biyun za su koma gudun mai ƙarami, kamar ayarin da raƙumi gurgu ke ciki. Sanduna biyu masu girma ɗaya sun fi, domin furosesa yana ɗiba daga hanyoyi biyu lokaci guda, kuma ana jin bambancin a laftof da ba su da katin hoto na daban, tunda daga RAM ɗin suke yankar na zane.

Uzurorin da nake ji

Duk sanda na yi wannan maganar a majalisa, amsar farko ita ce, "Laifin 'yan kasuwa ne." Akwai ƙamshin gaskiya. Wanda ya ce maka "ana ƙarawa" alhali bai sani ba, ya ɗauki alhaki, wanda kuma ya sani ya ɓoye ya ci amana. Amma sau da yawa wanda ka tarar a kanta yaron shago ne, kayan kuma sun zo ne a dila daga Legas, iri hamsin, ba wanda ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya buɗe. Shi "eh" ɗinsa ba ya jawo masa asarar ko sisi. Kai ne za ka zauna da kwamfutar shekara biyu, in ka dawo HND shekara biyar har da ta tsakani. Wanda abin zai shafa shi ya kamata ya bincika. Mu kuma 'yan foli, da ake cewa mun fi 'yan jami'a iya aikin hannu, abin kunya ne a ce muna cinikin biri a sama.

Amsa ta biyu daga 'yan Akanta da Mas Kom take zuwa: "Mu ba 'yan kwamfuta ba ne, ina muka san wani DDR?" 'Yar'uwa, ba sai kin san yadda injin mota ke aiki ba kafin ki tambaya ko fetur take sha ko dizal. Tambayoyi uku ne: gurbi nawa, wane nau'i, iyaka nawa. Kuma ke ma abin zai iske ki ranar da kika buɗe manhajar tace bidiyo, ko SPSS da babi na huɗu a gabanki.

Amsa ta uku ta fi ƙarfi, kuma ba zan yi kamar ban ji ta ba. Masu siraran kwamfutoci suna cewa tasu ba nauyi, batirinta yana daɗewa, a makarantar da wuta ke zuwa sanda ta ga dama wannan ba ƙaramin abu ba ne. Gaskiya ne. RAM ɗin da ake liƙewa galibi na wani nau'i ne mai ƙarancin cin wuta, kuma rashin gurbi na cikin abin da ke ba su damar sirancewa. Ban ce kada a saye su ba. Cewa na yi wanda zai sayi mai liƙaƙƙen RAM ya saye ta da adadin da zai buƙata ranar kare furojet, tunda ba gyara a gaba. In kuɗinka ba su kai mai giga 8 a cikinsu ba, tokumbo mai gurbi 2 ta fi maka, ko da kafaɗarka za ta ɗan sha nauyi.

Akwai kuma abin da ni da kaina zan ƙara, duk da yana rage wa maganata kaifi: ba kowace sandarewa ce ta RAM ba. Kwamfutoci da yawa da ake kawo min, ciwonsu faifan ajiya ne mai juyawa, wato HDD. In ka buɗe Task Manager ka ga ma'ajiya ta tsaya cak a kashi 100 alhali RAM bai cika ba, SSD kake buƙata, kuma shi ne canjin da ya fi sa tsohuwar kwamfuta ta farfaɗo. Wata kuma ƙurar hunturu ce ta toshe mata fanka, ta yi zafi, furosesan ya rage gudu don kada ya ƙone. Wanda ya sayo RAM don wannan ya sha maganin zazzaɓi ne a kan ciwon haƙori.

Sai kuma a auna shekarun kwamfutar kafin a zuba mata kuɗi. Microsoft ta sa 14 ga Oktoba 2025 a matsayin ranar daina tallafa wa Windows 10, shi kuwa Windows 11 a hukumance galibi daga zuriya ta 8 yake karɓar furosesan Intel. Wannan ba ya nufin mai zuriya ta 4 ya jefar da tasa. In ita ce a hannunka, ƙara mata zuwa giga 8 ka sa SSD, za ta fitar da kai, ga Linux ma nan ga mai sha'awa. Amma wanda yanzu zai saya, ya sa wannan a lissafi.

Minti goma a gaban kanta

Ga abin da na so a ce wani ya faɗa min kafin in shiga kasuwa. Juya kwamfutar ka karanta cikakkiyar lambar samfurinta a ƙasa, har da G nawa ce. Rubuta lambar a wayarka ka nemo littafin gyaranta. HP da Dell da Lenovo duk suna ajiye irin waɗannan littattafai kyauta a shafukansu, a ciki za ka ga gurbi nawa ne, wane nau'i, iyaka nawa. Lambar furosesan ma in ka neme ta a shafin Intel za ka ga iyakar RAM ɗinsa.

Sannan a kunna maka ita. Danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, ka shiga "Performance," ka zaɓi "Memory." A ƙasa za ka ga gudun RAM ɗin da guraben da ke cike, misali 1 cikin 2. In a wajen siffa ka ga an rubuta "SODIMM," sanda ce mai cirewa. In ka ga "Row of chips," a liƙe yake. Sai dai wannan lissafin yakan yi kuskure wani lokaci, ya nuna gurbin da babu shi. Manhajar CPU-Z, wadda kyauta ce, tana ba da ƙarin bayani. Amma gani ya kori ji: ka roƙi mai shagon ya kwance murfin ƙasa ka gani da idonka. In ya ƙi, shaguna ba su ƙare ba.

Ranar sayen RAM kuwa, kada ka yi irin tawa. Tafi da kwamfutar. A sa sandar a gabanka, a kunna, ka ga adadin ya fito daidai. A rubuta maka rasit mai ɗauke da nau'i da girma da kwanakin da za ka iya dawowa da ita. Da ka koma ɗaki ka gwada ta da Windows Memory Diagnostic, yana cikin Windows ɗin, domin sanda mai lahani takan yi aiki yau, gobe ta jefa maka shuɗin sikirin kana tsakiyar babi na uku.

In da kanka za ka sa, kashe ta gaba ɗaya, cire caja, cire batir ko ka zare wayarsa in na ciki ne. Taɓa wani ƙarfe tukuna, musamman da hunturu, lokacin da jiki ke tara wutar nan da kan ja mutum in ya taɓa ƙofar mota. Ita kaɗai ta isa ta kashe sanda. Riƙe ta ta gefe, kada ka taɓa haƙoran. Daidaita wushiryar, zura ta a karkace, sannan ka kwantar da ita a hankali har maƙallan su kama. In ta ƙi shiga, ba ƙarfi take nema ba, duba nau'in.

Kira ga sassa da ƙungiya

Duk wannan shawara ce ga mutum ɗaya, alhali matsalar ta jama'a ce, kuma tana maimaita kanta duk shekara da sababbin fuskoki. Ɗan ND I yana sayen kwamfuta ne kafin ya san me za a koya masa. Bai taɓa jin sunan AutoCAD ko Android Studio ba, iyayen da suka ba shi kuɗin ma haka. Waɗanda suka sani su ne sassanmu, tunda su ke riƙe da manhajar karatu tun daga zangon farko har na ƙarshe.

Don haka ina roƙon shugabannin sassa, cikin girmamawa, kowane sashe ya fitar da takarda shafi ɗaya: ga manhajojin da za ku yi amfani da su, ga mafi ƙarancin RAM, ga zuriyar furosesan da muke ba da shawara, ku tabbatar akwai gurbin ƙari. A liƙa a allon sanarwa, a tura a zaurukan WhatsApp na sababbin ɗalibai tun kafin su zo rajista. Takarda ɗaya ba za ta ci kasafin kowa ba.

Ita kuma ƙungiyarmu ta ɗalibai, da muke biya wa kuɗi duk shekara, ga aikin da za a gani a ƙasa. A makon wayar da kan sababbin ɗalibai a ware yini ɗaya, a kafa teburi biyu a ƙarƙashin rumfa, a zaunar da 'yan HND na Kimiyyar Kwamfuta da Injiniyan Kwamfuta. Duk mai laftof ya kawo a duba masa, a rubuta masa a 'yar takarda: gurbinka kaza, nau'inka kaza, iyakarka kaza. Wanda bai saya ba tukuna ya zo da lambobin waɗanda yake tunani a ba shi shawara. Masu dubawar sun samu gogewa, waɗanda aka duba wa sun tsira da kuɗinsu.

Abu na ƙarshe ya fi sauƙi. Duk wanda ya cire sanda mai giga 4 ya sa mai 8, tsohuwar tana nan kwance a ƙasan akwatinsa. A ɗakin da ke kusa kuma akwai mai giga 4 da gurbi a buɗe, wanda wannan sandar za ta ninka masa teburinsa. Ba su san juna ba ne kawai. Littafi ɗaya a ofishin ƙungiya, mai sanda ya rubuta nau'inta, mai nema ya duba, a sayar da rahusa ko a bayar don Allah. Ni zan fara. Akwai mai giga 4, PC3L, da na cire daga tokumbona, duk wanda ta dace da tasa ya neme ni a sashe.

Mu 'yan ajin ƙarshe saura mana 'yan watanni. Ku da kuka shigo bana, da ku da ƙannenku ke shirin shigowa baɗi, kuɗin da ke hannunku na san daga inda suka fito, don nawa ma daga can suka fito. Kafin ku miƙa su, ku juya kwamfutar ku karanta lambar. Matambayi ba ya ɓata.

Allah ya ba mu sa'ar jarrabawa, ya sa mu kare furojet lafiya.

Daga wani ɗalibin ND II, Sashen Injiniyan Kwamfuta